Me ya sa batun naɗa fasto yake girgiza Babban Taron cocin Presbiteriyan?

Malam Abdulkarim, Aboabo:

Assalamu alaikum. Ni Musulmi ne, ina koyarwa a wata makarantar Presby a nan Kumasi, kuma abokan aikina sukan yi doguwar muhawara a kan Babban Taron cocinsu, musamman a kan wanda ya cancanci a naɗa shi fasto. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, ta yaya za a yanke batun addini da ƙuri'a, kuma me ya sa naɗin mutum ɗaya zai iya raba kan coci gaba ɗaya? Ina roƙon masu sani su yi mini bayani.

Dattijo Yakubu, Asawase:

Salama gare ka, Malam. Amsar tana cikin tsarin cocin, domin mu ba mu da bishop da zai yanke magana shi kaɗai. Kowace ikkilisiya tana da majalisar dattawa waɗanda jama'a suka zaɓa, a sama da ita akwai majalisar gunduma da ta yanki, sannan Babban Taro, inda fastoci da dattawa suke zama a matsayin wakilai. A da sunansa Sinod, an fara shi a Akropong a 1918, bayan da Turawan Ingila suka kori 'yan mishan na Basel saboda Yaƙin Duniya na Ɗaya, kuma Peter Hall ne shugabansa na farko. Hujjarmu ita ce Ayyukan Manzanni sura 15, inda manzanni da dattawa suka taru a Urushalima, suka yi gardama mai yawa kafin su tsai da magana.

Game da naɗi kuwa, wanda aka ɗora wa hannu, wato aka naɗa shi fasto, ba faston unguwarsa kaɗai ba ne. Yau yana wa'azi a cocin Ramseyer da ke Adum, gobe a tura shi Bolgatanga, ya yi baftisma, ya raba jibin Ubangiji, kuma dole mutanen can su karɓe shi. Saboda haka idan wani sashe ya ce bai yarda da naɗinsa ba, to ya ce bai yarda da hannuwan da aka ɗora masa ba ke nan. An sha wannan gardama a shekarun 1970 a kan naɗa mata, aka amince, kuma yanzu mata suna shugabantar ikkilisiyoyi ba tare da wata hayaniya ba.

Malama Rifkatu, Bantama:

Baba Yakubu ya yi bayani mai kyau, amma ina zaton abin da abokan aikin Malam suke tattaunawa ya samo asali ne daga Amurka. A 2010 Babban Taron cocin Presbiteriyan mafi girma a can ya zauna a Minneapolis, ya amince a cire sharaɗin da ya ce wanda za a naɗa sai ya kasance mai riƙe amanar aure tsakanin namiji da mace, ko kuwa mai kamewa idan ba shi da aure. Taron bai isa ya canza kundin coci shi kaɗai ba, sai da aka mayar da maganar ga majalisun yankuna 173, mafi yawansu suka amince, sabuwar doka ta fara aiki a watan Yulin 2011. Wannan ya buɗe ƙofar naɗa masu zaman tarayya da jinsi ɗaya.

Masu goyon baya sun ce kowane yanki ya auna ɗan takararsa da kansa, kuma a ganinsu hakan zai riƙe coci wuri ɗaya. Abin bai tafi haka ba. A shekarar ce cocin Presbiteriyan na Meziko ya yanke hulɗa da su, a 2012 wasu ikkilisiyoyin suka ɓalle suka kafa wani sabon coci da ake kira ECO, kuma Babban Taronmu na Gana, a zamanin shugabancin Farfesa Emmanuel Martey, ya tsai da shawarar raba gari da duk cocin da yake irin wannan naɗi. Ni ina tare da matsayin cocinmu, domin 1 Timoti sura 3 ta shimfiɗa halin da ake nema ga shugaba, ko da yake raina yana ɓaci in na tuna asibitoci da makarantun da aka yi shekaru ana taimakon juna a kansu.

Malam Iliya, Tafo:

Yaya Rifkatu, ban musa tarihin da kika kawo ba, amma ina tsoron kada Malam Abdulkarim ya ɗauka daga waje kaɗai rabuwa take zuwa mana. Cocin E.P., wato Evangelical Presbyterian na nan Gana, wanda 'yan mishan na Bremen suka dasa a ƙasar Ewe tun 1847, ya dare gida biyu a 1991, kuma abin da ya jawo shi ne rikici a kan wa'adin shugaba da yadda ake bi da kundin coci, haɗe da saɓani a kan salon addu'a da sujada. Ɓangaren da ya fita shi ne yau ake kira Global Evangelical Church. Mutanen da suka yi baftisma a hannun fasto ɗaya suka kai juna kotu a kan gine-ginen coci, dangi suka daina zama a benci ɗaya ranar Lahadi.

Abin da nake gani, Malam, ƙuri'a tana nuna inda rinjaye yake, amma waɗanda aka rinjaya suna komawa gida da abin da suka zo da shi a zuciya. Shi ya sa nake ganin hikimar mayar da manyan batutuwa ga yankuna kafin a zartar, ko da zai ci shekara biyu ko uku, domin wakilin da ya zo daga Arewa ya sami damar bayyana wa mutanensa cikin harshensu abin da ake shirin canzawa, ya kuma dawo da amsarsu gaban taro.