Iska ta ƙi fita daga lagireton motata

Salam, masu sanin inji ku taimaka dan Allah. Corolla ce gare ni, tunda aka canza mani tiyon lagireto take zafi, jiya daga Katsina ko Mashi ban kai ba allura ta kusa taɓa ja. Tiyon sama zafi zau, na ƙasa sanyi ƙalau. Da inji ya huce na buɗe murfi, na ɗaga gaban motar da jak, na tada ta ina matsa tiyo ina ƙara ruwa har fanka ta tashi sau biyu, kumfa bata daina fitowa ba, wallahi na gaji. Makaniki yace gasket ne, ni kuma ban ga farin hayaƙi ba. Ya zan gane iska ce ta maƙale ko gasket ɗin ne, kafin a buɗe kan injin?