Intanet ta tauraron ɗan Adam: saukewa lafiya, aikawa ce matsala

Malamar asibiti, Gashuwa: Salamu alaikum. A ƙauyen da nake aiki babu sabis na kirki, don haka aka kafa mana kwanon intanet na tauraron ɗan Adam. Buɗe shafi ba ya ba mu wahala, amma idan muka zo tura rahoton wata ko hoton majiyyaci, sai abin ya tsaya cak. Wa ya taɓa fama da irin wannan?

Tsohon mai kafen intanet, Kano: Wa alaikumus salam, Hajiya. Wannan ciwo ya daɗe. A farkon shekarun 2000 wasunmu ta kwano muke karɓa kawai, aikawa kuwa ta layin tarho, ga tsada ga yankewa. Da VSAT ta zo, wato ƙaramin kwano mai karɓa da aikawa, muka samu hanya biyu, amma hanyar komawar raba ta ake yi tsakanin masu saye da yawa, kowa da ɗan lokacinsa na harba saƙo. Da yamma in shago ya cika, yaro ɗaya ya hau tura hotuna, sai kowa ya zauna jugum. Ki duba takardar yarjejeniyarku, sau da yawa adadin saukewa ake rubutawa ɓaro-ɓaro.

Mai kafa kwano, Kaduna: Gaskiyar Alhaji ne, amma ba ita ke nan ba. Kwanon talabijin LNB kaɗai gare shi, wato na'urar karɓar saƙo, saurare kawai yake yi. Na intanet yana da BUC, ita ke harba saƙo sama, kuma ƙarfinta kaɗan ne. Shi ya sa da hadari ya haɗu, musamman a kan zangon mita na Ku ko Ka, aikawa ke fara mutuwa. Na taɓa zuwa wata makaranta inda iska ta ɗan karkatar da kwano: suna karɓa, amma ba abin da ke fita. Hajiya, kada ki bari mai gyaran dish na unguwa ya taɓa shi. Saitin aikawa sai an kira cibiyar kamfanin intanet ɗin sun tabbatar, don in ya kauce yana iya shiga hurumin tauraron da ke maƙwabtaka.

Ɗan kasuwa, Maraɗi: Ni jinkirin murya ne ya dame ni. Taurari irin su NigComSat-1R na Najeriya, wanda aka harba a 2011, suna nisan kusan kilomita 36,000. Kafin tambaya ta je amsa ta dawo an yi wannan tafiya sau huɗu, kusan rabin daƙiƙa ke nan. Kana ciniki, kai da abokin magana kuna ta katse juna.

Ɗalibi, Zariya: Baba, Starlink da ta fara aiki a Najeriya a Janairun 2023 taurarinta suna nisan kusan kilomita 550 ne, wannan jinkirin ya ragu ƙwarai. Amma ko a nan aikawa ba ta kai saukewa ba, kuma farantin na cin wuta, sai da muka ƙara batir.

Malamar asibiti, Gashuwa: Na gode muku. Malam na Kaduna, ƙarfen da aka ɗora namu a kai yana motsi in an yi iska. Siminti za a ƙara masa, ko sauya wuri ya fi?