Ku da kuka tsallake PTS (zangon share fage na makarantar koyon jinya), yaya kuka riƙe hankalinku a kan littafi?

Ummi 'yar sabon aji:
Assalamu alaikum yayyena. Wata uku ke nan da shigata makarantar koyon aikin jinya, kuma abin ya fara ba ni tsoro. Ba zaman karatun ne ba na yi ba, ina zama. Jiya bayan isha'i na buɗe babin ƙasusuwa, na ce yau sai na gama da na hannu. Sha ɗaya ta buga ina nan a shafin da na fara. Ƙananan ƙasusuwan wuyan hannu guda 8 ɗin nan ko uku ban riƙe ba, amma na san kalar ankon bikin 'yar ƙanwar babata da duk wanda bai biya ba a gurup. An ce mana jarrabawar ƙarshen PTS rariya ce, wanda bai wuce ba sai gida. Buhunan gero Baba ya sayar ya biya min kuɗin makaranta. Don Allah ku faɗa min abin da kuka yi da kanku, nasiha kam na sha ta a gida.

Maman Khalil:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Ina shekarar ƙarshe, da aure da goyo. Da dare ba ni da wani karatu, kafin in gama girki, wanke-wanke da lallashin yaro, idona ya koma kamar an zuba barkono. Sai na daina yaudarar kaina. Tara da rabi na kwanta, huɗu saura na tashi. Daga nan zuwa kiran sallah na biyu gidan tsit, ba mai cewa "Maman Khalil ina kaza". Sa'a ɗaya da 'yan mintuna ne kawai, amma ta fi min sa'a huɗu na gyangyaɗi.

Waya kuwa, a kicin take kwana cikin tsohuwar robar madara. Kada ki yi dariya. Na gwada kashe data, na gwada kife ta, duk banza, muddin hannuna zai kai gare ta sai na ɗauka. Agogon tebur na saya a kasuwa saboda tashi. Kuma tun da dare nake buɗe shafin da zan karanta in ɗora biro a kai, don in na tashi kada in ɓata minti goma ina neman inda zan fara.

Ɗan Tudun Wada:
Ni makarantar allo ce ta cece ni. Da aka ba mu zagayen jini sai na ga ina karantawa sau biyar, in an rufe littafi babu komai a kaina. Sai na tuna yadda Malam yake mana: ka rubuta, ka biya, ka wanke allo, ka kawo da ka. Na samo alli na koma bayan hostel inda akwai siminti. In zana zuciya da ɗakunanta huɗu, in bi jinin daga ɗakin sama na dama zuwa na ƙasa, ya tafi huhu, ya dawo ta hagu, ya fita zuwa jiki. In goge da ƙafa, in sake ba tare da leƙa littafi ba. Inda na kakare, shi ne abin da ban iya ba, shi kaɗai nake komawa dubawa. Haka na yi wa jijiyoyin kai guda 12. Har 'yan ajinmu suka sa min suna Gardi.

Sannan tilawa. Abin da na koya Litinin sai na sake kawo shi Laraba, sannan Lahadi. Wanda ya yi hadda ya san abin da ake bari ba a juyawa gudu yake yi. Ki gwada da ƙasusuwan nan naki: layi biyu ne, huɗu-huɗu. Ki riƙe wuyan hannunki na hagu kina lissafawa.

Bilkin Sama:
Anti Maman Khalil, asuba ta masu gida ce. Mu a hostel ƙarfe huɗu layin famfo ake bi, in kika zauna karatu ranar ba wanka. Ni tsakanin la'asar da magariba nake yi, a ajin da kowa ya watse. Kuma na fita daga karatun rukuni na mutum tara, hira ce da gyaɗa. Mu biyu muka rage, ita ta tambaye ni, ni in tambaye ta.

Sista Babba:
'Yata Ummi, shekarata 14 a bakin aiki, bari in ba ki labarin ranar da na fara karatu na gaskiya. Ina aji biyu aka tura mu koyon aiki a ɗakin maza na asibiti. Likita ya rubuta a sa wa wani dattijo ƙarin ruwa, mil 500 cikin sa'a 4. Matiron ta juyo ta ce, "Ɗaliba, ɗigo nawa a minti?" Wallahi lissafin nan na ci shi a takarda mako biyu kafin nan. Amma a gaban gado, ga 'ya'yan dattijon sun zuba min ido, sai kaina ya ɗauke kamar an ɗauke wuta. Ba ta yi min tsawa ba, da ma ta yi da ya fi min sauƙi. Ta miƙo min ledar robar ƙarin ruwan ta ce in karanta abin da ke jiki: ɗigo 20 shi ne mil ɗaya. Ta sa na yi a bayan katin: 500 sau 20, a raba da minti 240, ya ba da kusan 42. Ta ce in tsaya da agogo in ƙirga har ɗigon ya daidaita. Na tsaya, hannuna na rawa, dattijon yana ce min "sannu 'yar nan", shi da ya kamata in yi wa sannu.

Daga ranar na canza salo. Kullum in na tashi daga aiki sai in ɗauki majinyaci ɗaya in tafi da shi gida a kaina. Yaron gado na shida mai sikila, me ya sa ƙashinsa ke ciwo haka, me ya sa ake ta matsa masa da shan ruwa? Daren nan babin jini zan buɗe, kuma ba na gyangyaɗi, domin gobe da safe uwarsa za ta tare ni da tambaya. Hankali ba ya gudu daga abin da yake da fuska.

Na san ke yanzu ba a fara tura ku ɗakin marasa lafiya ba. To ki ara daga gida. Wa ke da hawan jini a danginku? Wa ya taɓa karyewa? Ki fara da shi. Kuma ki sani a jarrabawar Kansil, wato hukumar da ke ba ma'aikatan jinya lasisi, akwai ta gwaji, tasha-tasha, ana kaɗa ƙararrawa ki matsa gaba. Wanda ya saba karatu da ido kawai, a nan yake daskarewa irin yadda na yi.

Ɗan Damagaram:
Gaisuwa daga Zinder. Mu da Faransanci muke karatun, to wahalar biyu ce. Abin da ya taimake ni: in na gama shafi sai in rufe, in bayyana wa kakata da Hausa kamar ita ce mara lafiyar. In ta ce "ban gane ba", to ni ma ban gane ba. Tsohuwar yanzu ta san aikin ƙoda fiye da wasu 'yan ajinmu.

Nas Auwalu:
Ni gargaɗi na kawo, don a kaina ta faru. Daren jarrabawar ilimin magunguna na dama Nescafé mai kauri na haɗa da goro biyu, na ce ba barci sai na gama. Na gama kuwa. Da safe zuciyata na dukan uku-uku, na karanta tambaya ta farko sau huɗu ban fahimce ta ba, takardar da na sake zama ke nan. Masu ba ki ƙwaya su ce tana buɗe kai, ki guje su, ke da kanki za ki zo ki karanta abin da take yi wa ƙwaƙwalwa. Haka in an fara sa ku dutin dare, kada ki sauka da safe ki ce za ki buɗe littafi. Ki yi wanka ki kwanta, bayan azahar kya yi.

Ummi 'yar sabon aji:
Allah ya saka da alheri, na gode ƙwarai. Kwana uku ke nan wayata na kwana a akwatin 'yar ɗakinmu, makullin na wurinta. Daren farko kamar in yi kuka. Yaya Gardi, na samu alli, ƙasusuwan sun zauna guda 7, na layin biyu ɗaya ne yake ta guje min. Sista, kawuna ya taɓa faɗowa daga babur ya dafa ƙasa da tafin hannu, aka ɗaure masa wuyan hannu wata biyu. Ashe cikin waɗannan ne ɗaya ya karye?

Sista Babba:
Zai iya zama cikinsu, zai iya zama ƙarshen dogon ƙashin da ke ɓangaren babban yatsa. Ba zan faɗa miki ba. Ki kira shi ki tambaye shi daidai inda ya fi jin zafin, ki duba littafinki, ki dawo nan ranar Juma'a ki gaya mana.