Wane abinci ya dace da ɓeran Masar?

Maman Ƴan Biyu:
Assalamu alaikum. An ba yarana ɓerayen Masar guda biyu, kuma dusa da abincin zomo muke ba su, amma na lura ɗaya ya fara ɗingishi, gashinsa kuma ya yamutse. Don Allah masu sani, wane abinci ya dace da su?

Mai Kiwo:
Wa'alaikumus salam, Hajiya. Alamun da kika faɗa sun yi kama da ƙarancin bitamin C, domin jikin ɓeran Masar ba ya iya samar da shi, saɓanin na zomo, shi ya sa abincin zomo bai wadatar da shi ba. Babba yana buƙatar kimanin miligiram 10 zuwa 30 kowace rana, kuma ɗan yankin koren tattasai ya kusa biya masa. Amma ginshiƙin abincinsa ciyawa ce, busasshiya marar fumfuna, wadda ba za ta yanke a gabansa ba, saboda haƙoransa ba sa daina girma, tauna ce ke rage su.

Baban Gida:
Malam, harawa fa? Ita ce ta fi sauƙin samu a wajenmu.

Mai Kiwo:
A ba su kaɗan, Alhaji, domin tana da kalsiyam da yawa, wanda ke iya haddasa wa manyansu tsakuwar mafitsara. Albasa, tafarnuwa, madara da ganyen dankalin Turawa kuwa kada a ba su ko kaɗan. Mai ɗingishin nan, Hajiya, gara ki kai shi wurin likitan dabbobi da wuri.