Saura ƙiris mu tura kuɗin kaya asusun ɓarayi, ina neman shawara

Mai tambaya:
Assalamu alaikum jama'a. Ina da ɗan ƙaramin kamfani na sarin kaya, mu goma sha ɗaya ne har da ni. Makon jiya imel ya shigo wa akantarmu da sunan kamfanin da muka shekara huɗu muna sayen kaya a wurinsu, wai sun canza banki, a tura kuɗin wannan watan sabon asusu. Takardar irin tasu ce sak, lambar odarmu daidai, adadin kuɗin daidai, har da sa hannun manajansu. Allah ne ya kiyaye: kafin in amince na buga wa manajan waya kan wani zance daban, sai na ce masa Allah ya sanya alheri a sabon banki. Ya ce wane banki? Da muka ƙura ido, ashe harafi ɗaya aka sauya a adireshin imel ɗin.

Abin da ya hana ni barci shi ne, ta ina suka san lambar odarmu? Kuma wace manhajar kashe bairos zan saya mai ƙarfi?

Injiniyan kwamfuta:
Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya ƙara tsarewa. Ka ajiye zancen sayen manhaja tukuna, don saƙon nan babu bairos a cikinsa, magana ce zalla. Tambayarka ta farko ita ce mai nauyi. Wanda ya san lambar oda da adadin kuɗi yana zaune ne a cikin akwatin imel ɗin wani yana karanta wasiƙunku, ko a ɓangarenku ko a na masu kayan. Irin waɗannan sukan yi makonni ba su taɓa komai ba, suna jiran lokacin biya.

Yau ɗin nan kowa ya canza kalmar sirri, a kuma danna wurin da ke fitar da duk na'urorin da ke cikin asusun imel ɗin. Sannan ku shiga saitin kowane akwati ku duba ƙa'idojin tura saƙo, domin masu kutse sukan dasa umarnin da ke aika musu kwafin wasiƙu, kuma canza kalmar sirri ba ya cire shi. A kunna tantancewa mai mataki biyu, wato bayan kalmar sirri sai an ƙara wata lambar shiga, ga kowa, har kai. Na fi son ta manhaja irin su Google Authenticator ko Microsoft Authenticator a kan lambar da ake turowa ta tes, saboda ana iya yaudarar kamfanin waya a kwashe layin mutum.

Tsohuwar akanta:
Alhaji, don Allah kada ka yi wa yarinyar nan, akantarka, faɗa. In ta sha tsawa yau, gobe in ta danna abin da bai kamata ba ɓoyewa za ta yi, kuma ɓoyewar ce ke kashe kamfani. Waɗanda suka fi ku ma'aikata da kayan aiki an yi musu. Tsakanin 2013 da 2015 wani ɗan ƙasar Lituwaniya ya riƙa aika wa Google da Facebook takardun bogi da sunan Quanta Computer, kamfanin Taiwan da suke hulɗa da shi, ya karɓe sama da dala miliyan 100 kafin a kama shi. In an ci waɗannan, wace ce akantarka?

Doka ɗaya za ka rubuta ka manna a bango: ba a canza lambar asusun kowa ta imel ko WhatsApp. Sai an kira lambar wayar da ke cikin tsohon fayil, ba wadda ke ƙasan saƙon ba, kuma mutum biyu su sa hannu. Duk saƙon da ya zo da "a yi sauri" ko "kada a gaya wa kowa", a nan ne ma za a ja birki.

Wani ɗan'uwa:
Hajiya, kiran ma yanzu da sauran rina a kaba. A farkon 2024 wani ma'aikacin kamfanin Arup a Hong Kong ya shiga taro ta bidiyo, ya ga fuskar shugaban sashen kuɗinsu, ya ji muryarsa, ya tura kusan dala miliyan 25. Ashe duk ƙirƙirarriyar basira ce ta haɗa fuskokin.

Tsohuwar akanta:
Shi ya sa na ce ku za ku kira, ɗana. Kiran da ya shigo maka ba shaida ba ne. Ka katse, ka nemi mutumin da kanka.

Mai kula da na'urorin ofis:
Ni ta wani gefen zan taɓo, tunda ɓarawon da ya ga ƙofa ɗaya a buɗe ba ya rasa gwada ta biyu. Alhaji, in gobe ka tarar an kulle duk fayilolinka ana neman kuɗin fansa, da me za ka ci gaba da aiki? A Mayun 2021 kamfanin bututun mai na Colonial Pipeline a Amurka ya tsayar da aiki kwanaki, ya biya kimanin dala miliyan 4.4, kuma mashigar ita ce wani tsohon asusu da kalmar sirrinsa ta fita, ba shi da mataki na biyu. To ka rufe asusun duk wanda ya bar aiki. Ka ajiye kwafi uku na bayananka a kan ma'aji iri biyu, ɗaya a wajen ofis kuma a cire shi daga kwamfuta, don wanda ke maƙale tare ake kulle su. Ka riƙa gwada dawo da fayil daga ciki. Na sha ganin ma'ajin da sai ranar wuya aka gane fanko ne.

Kuma a daina danna "sai anjima" in kwamfuta ta nemi sabuntawa. WannaCry, bairos mai kulle fayiloli da ya gurgunta asibitocin Ingila a Mayun 2017, tun watan Maris Microsoft ta fitar da maganinsa. In da masu Windows 10 a ofis, ka sani tallafinta na kyauta ya ƙare ranar 14 ga Oktoban 2025.

Mai tambaya:
Allah ya saka da alheri. Injiniya, maganarka ta tabbata. A akwatin yaron da ke kula da ciniki muka samu umarnin, yana tura duk wasiƙar masu kaya zuwa wani adireshi da ba mu sani ba. Ya ce wata biyu da suka wuce wani saƙo ya ce masa akwatinsa ya cika, ya danna ya sa kalmar sirrinsa. Mun goge umarnin.

Injiniyan kwamfuta:
Madalla, amma da ka ɗauki hotonsa kafin gogewa saboda kai rahoto. In akwai sauran wata alama, a adana. Tunda akwatin ciniki ne, sun ga sunayen masu sayen kayanka da bashin da kake bin kowa. Kafin a tashi aiki yau ka kira su ɗaya bayan ɗaya, ka shaida musu asusunku bai canza ba, ka kuma tambaya ko akwai wanda aka riga aka aika wa sabuwar lamba da sunanka.