Yaya ake haɗa aikin da ke cikin kasafin kuɗi da kuɗin da aka biya ɗan kwangila?

Assalamu alaikum. Masu bibiyar kuɗin gwamnati, ina neman taimakonku, abin ya tsaya mini cak.

Ina so in gano ko an biya kuɗin wasu ayyukan rijiyoyin burtsatse da ke cikin kasafin tarayya. A kasafin, kowane aiki yana da lambarsa mai farawa da ERGP. Daga Open Treasury, shafin da gwamnatin tarayyar Najeriya ke wallafa kuɗin da ta biya, wanda aka buɗe a Disambar 2019, na sauke rahotannin biyan kuɗi na kullum zuwa Excel, amma abin da nake gani shi ne ranar biya, hukumar da ta biya, sunan wanda aka biya, adadi da ɗan gajeren bayani. Da me zan ɗaure su da lambar aikin?

Daidaitawa ta adadin kuɗi ba ta yi ba, domin ana biyan kwangila kashi-kashi, kuɗin fara aiki daban, sauran daban, ga harajin da ake cirewa tun kafin kuɗin su kai hannun kamfani. Ta suna ma haka: kamfani ɗaya sai ya fito da "Nig Ltd" yau, gobe "Nigeria Limited", VLOOKUP (umarnin Excel na daidaita bayanai) ya ɗauke su kamfanoni biyu. Sannan hukumomi abin da ya haura naira miliyan 5 ake buƙatar su wallafa, ƙananan biya ba lallai su bayyana ba.

Shin NOCOPO, shafin wallafa bayanan kwangiloli na BPP (hukumar kula da ba da kwangilolin gwamnati), zai iya zama gada a tsakani? Ko dai in rubuta takardar neman bayani a ƙarƙashin Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011, mai wa'adin kwana 7 na ba da amsa? In haka ne, wace takarda takamaimai zan nema, baucar biya ko takardar ba da kwangila?