Kalmar "guba" ta ta da ƙura a guruf ɗin mata

Maman Biyu: Assalamu alaikum. Wallahi raina a ɓace yake. Man da na saya da tsada a wani kanti ya ƙona mini kumatu, wata biyu ina jinya. Jiya na tattara gubar nan kaf na zubar, na koma man kaɗanya da sabulun salo, wanke-wanke kuma da toka. Kuma wasu kamfanonin a idon zomo suke ɗiga kayan nan don gwaji. Tarayyar Turai ta hana sayar da irinsu tun 2013, mu ko a jikinmu.

Mai Kayan Kwalliya: Guba? Wato ni guba nake sayarwa ke nan? Haba Maman Biyu, da wannan sana'ar nake ciyar da marayuna.

Maman Biyu: Anti, ban kira sunanki ba.

Anti Nas: Man bilicin mai sinadarin makuri guba ne, ba ja. Har hukumar kula da abinci da magunguna, NAFDAC, ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan bilicin a 2023. Amma kwallin dutse da muke ranbaɗa wa jarirai akwai mai dalma a ciki, irin dalmar da ta kashe ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010.

Hajiya Babba: A'a 'yata, tsaya nan. Kwallin ne guba? Da shi aka raine mu, ga ni da jikoki, ko tabarau ban sa ba.

Anti Nas: Hajiya, Allah ya ƙara lafiya, amma kwallin ismid ɗin da ya zo a hadisi daban, abin da ake niƙawa a kasuwa daban.

Hajiya Babba: Boko dai!

'Yar Borno: Ni dai kar a sa dilka a maganar guba. Tamu ce, ku Kanawa kuka lalata ta da haɗe-haɗe.

Mai Kayan Kwalliya: Asali daga Sudan ta zo, ku ma aro kuka yi.

'Yar Borno: Aron ma ai sai an iya.

Malama: Ba wadda ta kula zomon nan. Mace ta shiga wuta saboda mage da ta tsare. Turaren jibda ma na gargajiya ne, amma a keji ake kulle dabbar ana kankaro shi.

'Yar Borno: Malama, kar ki taɓo mana humra.

Admin: Ya isa haka, zan rufe. Abin da aka tsayar: kayan kanti sun fi cutarwa, kowa ta koma na gida. Maganar kwalli ba a kawo hujja ba, a bar ta. Anti mai kaya, ki yi haƙuri, ba da ke ake ba. Man kaɗanyata na Neja ya iso, mai so ta same ni ta gefe.